Askar Direba

Duk mai son jin inda shari'ar Kofur ta kwana, ba sai ya je kotu ya sha turereniya a bakin ƙofa ba. Ya zo shagon Mai Aski ya nemi gefen benci. A nan ake yanke hukunci da safe, a ɗaukaka ƙara da rana, kafin yamma an sake kamo wanda aka sallama. Shagon ɗan ƙarami ne a ƙasan wani tsohon bene. Kujerar aski ɗaya ce, sai madubi mai tsaguwa a kusurwa, sai benci, sai doguwar kanta wadda rediyo ke zaune a ƙarshenta yana surutu tun daga buɗewa har rufewa.

Abin da ya faru kuwa babu wanda bai gani ba, don wani fasinja ya ɗauka da waya ta tagar bas, kafin rana ta faɗi hoton ya zaga gari. 'Yan sanda ne suka kafa shinge a kan gada. Kofur, ɗaya daga cikinsu, ya tsayar da wani saurayi mai kai saƙonni a babur, ya ce ya nuna takardu. Saurayin ya zura hannu cikin aljihun ƙirjin rigarsa, da sauri irin na wanda ake jira a wani wuri. Kofur ya harbe shi. Da aka buɗe rigar ba a sami komai ba sai takardun babur a cikin leda. A gaban alƙali Kofur ya ce kare kansa ya yi. Ya ce ba a daɗe ba da aka kashe abokin aikinsa a wannan gadar, kuma da irin wannan zura hannun aka fara.

Tun daga ranar gari ya rabu biyu, bencin Mai Aski ma ya rabu biyu. Gefe ɗaya Tela ne ke jan ragama, mutum mai ƙaramin jiki da kaifin baki. Ɗaya gefen kuma na wani mai gyaran fanka ne da dutsen guga, wanda bai taɓa leƙa ajin lauyoyi ba, amma ya haddace kalmomin kotu daga rediyo har aka laƙaba masa Lauyan Benci, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ana gobe za a yanke hukunci, tun da hantsi suka ɗora daga inda suka tsaya jiya.

"Malam, doka ba ta tambayar abin da ke cikin aljihu," in ji Lauyan Benci, yana kaɗa yatsa. "Abin da take tambaya shi ne, me mutum mai hankali zai zata a cikin wannan ƙiftawar idon? Shi ke nan, magana ta ƙare."

"To ai ni ma mai hankali ne," in ji Tela. "Kullum mutane na zura hannu a aljihu a gabana, ga almakashi a hannuna. Ka taɓa jin na farke cikin wani?"

"Kai wa ya taɓa kashe maka abokin aiki a kan keken ɗinki?"

"Allah ya kiyaye. Amma wanda tsoro ya cika wa ciki, me ya kai shi ɗaukar bindiga? Ya zo in koya masa ɗinkin maɓalli, allura ba ta tashi da kanta."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta daɗewa. A rediyo wata mata ta bugo waya tana kuka, ta ce mijinta ɗan sanda ne, kullum ya sa takalmi da safe ba ta san ko zai dawo ya cire su ba. Tana ajiyewa wani dattijo ya bugo, ya ce shi 'ya'yansa maza ya tara ya koya musu yadda za su ɗaga hannu sama ko da tambayar hanya aka yi musu.

"Kun ji ko?" in ji Lauyan Benci. "A ɗaure wannan yaron, gobe ɓarawo ya haura maka gida, ka kira 'yan sanda ka ga mai zuwa."

"A sake shi," in ji Tela, "gobe ɗanka ya fita, ka ga mai dawowa." Ya juya wajen kujera. "Kai fa, Mai Aski? Wata da watanni muna ta zuba, kai ko tari. Bakin nan naka ɗinke shi aka yi? In ɗinki ne dai ba ni na yi ba."

"Ni aski na iya," in ji Mai Aski. Ya dafa kan wanda yake yi wa gyara. "Sunkuya kaɗan."

Kowa a bencin ya san dalilin shirun, tsokana ce kawai irin ta Tela. Kofur ɗan ƙanwar Mai Aski ne. A kan kujerar nan aka yi masa askin farko, yana tsala ihu uwarsa na riƙe da ƙafafunsa. Wanda aka kashe kuma, Auta, ɗan Direba ne, shi kuwa Direba aminin Mai Aski ne tun suna samari ba su da ko gashin baki. Gaba kura, baya sayaki. Mutumin da ke tsakanin waɗannan biyun, in ya buɗe baki, ko me ya faɗa wani zai yanka.

Direba tsohon matuƙin bas ne, ya yi ritaya, kuma kafin abin ya faru shagon nan ne ofishinsa. A ƙa'idar shagon, ba a kama layi da baki. Duk wanda ya shigo sai ya ajiye wani abu nasa a kan kanta, hula ko makulli ko tabarau, a jere, Mai Aski na bin jerin daga dama zuwa hagu, ko gwamna ne kai ba ka tsallake. Shi Direba da askarsa yake kama layi. Wata tsohuwar aska ce mai naɗewa, mai baƙin ƙota, yana naɗe ta cikin ɗan ƙyalle a aljihun ƙirjinsa na ciki. Bai yarda da askar shago ba. "Taka ta sumbaci wuyan kowa da kowa," haka yake cewa. Yana shigowa, sallama na bakinsa, hannu ya riga ya shige ƙirji, ya ciro ta ya ajiye a kanta, ƙwas. Sannan ya zauna su fara zagin juna irin na masoya, shi ya ce Mai Aski gwanin ɓata kawunan bayin Allah, Mai Aski ya ce duk ramin da ke titunan garin nan Direba ne ya haƙa shi da taya.

Tun ranar gada wannan ƙwas ɗin ba ta sake tashi a shagon ba. Mai Aski ya je ta'aziyya, Direba ya miƙa masa hannu bai ɗago ido ba. Bayan nan sai dai ya hango shi daga nesa yana wucewa ta ɗaya gefen titi, gemu ya cika masa fuska, fari fat, ba gyara. Ganin gemun nan yana yi wa Mai Aski ciwo fiye da zagi. Yana kewar mutumin, kewa mai tsanani wadda ya rasa wanda zai gaya wa. Shi ya sa bai taka kotu ba ko sau ɗaya, don a can dole mutum ya zauna a dama ko a hagu. Lissafinsa shi ne in ya kame bakinsa da ƙafarsa har aka gama, wataƙila a sami ɗan abin da ya rage tsakaninsa da Direba wanda za a iya ɗinkewa. Wannan kaɗai yake roƙo, ya sake ganin mutumin nan a kan bencinsa.

Da rana ta take benci ya watse, sai ga ƙanwarsa, uwar Kofur. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ta rame har zoben hannunta na yawo a yatsa.

"Yaya, sannu da aiki."

"Shigo mana. Ya yaron?"

"Yana nan. Ba ci, ba barci." Ta zauna a bakin benci. "Lauya ya ce gobe ya je fes, kada ya tsaya gaban alƙali kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Babu shagon da zai iya shiga a garin nan, Yaya. Ko sun karɓe shi, ni ba zan yarda wani ya ɗora masa aska a wuya ba."

"Sai in zo gida in yi masa."

"Wane gida? 'Yan jarida sun yi sansani a ƙofarmu, ko shara na fito zubarwa sai an ɗauke ni hoto. Da sassafe za mu fitar da shi ta baya zuwa wajen lauya, shagonka kuma a kan hanya yake. Shi da kansa ya ce kujerarka yake so. Ya ce wa ya sani ko ita ce ta ƙarshe."

Mai Aski ya juya wajen ƙofa. Idonsa ya tafi ƙetaren titi, inda lungun su Direba ya ɓullo. Ta bi idon nasa da kallo, ta gane.

"Ban ce ka zo kotu ba," in ji ta. "Na daina roƙonka wannan. Tun da aka fara ban ga ƙeyarka a can ba, na haɗiye. Na san abin da ya yi, ni ma ina da ido, na ga hoton. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Aski kawai na ce, Yaya."

Tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar kansa kuma. Ya ce, "Ku zo kafin gari ya tashi."

Washegari ya buɗe shago gari na wayewa, masu shara kaɗai ne a titi. Ya ɗaga ƙofar ƙarfen zuwa rabi don kada a san an buɗe. Ba a jima ba Kofur ya sunkuyo ya shigo, ya ja hula har ta rufe masa gira. Uwar ta tsaya a cikin tasi a kan kwana. Ƙaton saurayi ne a da, mai cika ƙofa, yanzu kuwa riga ce kawai ke rataye a kafaɗa.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya lau. Zauna."

Ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya. Hannunsa ya kunna rediyo bisa sabo, sai ga muryoyi sun cika shagon, tun da sassafen nan har an fara kiran waya a kan hukuncin yau. Ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi, Kawu, na saba," in ji Kofur. "Jiya wani ya ce a rataye ni a kan gadar. Wani kuma ya ce lambar yabo ta kamace ni. Na biyun ya fi ba ni tsoro."

Mai Aski ya rage murya kawai. Ya yi masa gyaran kai da inji, ya kaɗa kumfa a kofi ya shafa masa a fuska, ya wasa aska a jikin wata tsohuwar fata da ke rataye a bango. Ya fara daga saje na dama yana gangarowa a hankali.

"Kawu, kai kaɗai ne ba ka taɓa tambayata ba."

"Me zan tambaya?"

"Ko na ga wani abu a hannunsa." Ya dubi kawunsa ta madubi. "Ban ga komai ba. Hannu kawai na gani yana shiga. An so in ce na ga wani abu baƙi, na ce ban gani ba, ba zan faɗa ba."

"Daina magana, kar in yanke ka," in ji Mai Aski.

Ya gama ɓangaren dama ke nan, rabin fuska fes, rabi fari da kumfa, sai ƙofar ƙarfen ta yi ƙara. Wani ya sunkuyo ya shigo ya miƙe tsaye. Farin gemu, rigar fita mai guga, takalmi a goge. Direba ne.

Ashe lissafinsu ɗaya. Shi ma ya zaɓi sassafe ne don kada ya tarar da 'yan benci. Sallamar da ya fara ta tsaya masa a baki. Ya dubi madubi, madubi ya nuna masa wanda ke kan kujera. Kofur ya yunƙura zai tashi, hannun Mai Aski ya danne masa kafaɗa, don a shagon nan ba a taɓa tashin mutum da rabin aski ba, hannun ya riga kansa tunani. Rediyo kaɗai ke ta ƙananan surutai a kan kanta.

Direba ya daɗe yana kallon madubin, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya yi taku ɗaya zuwa wajen kujera, inda kanta take. Sannan ya zura hannu cikin aljihun ƙirjinsa.

Mai Aski bai san lokacin da ya yi tsalle ba. Ya dai tsinci kansa tsakanin kujera da amininsa, hannun hagu a buɗe yana kare yaron, na dama a sama da aska tsirara daidai wuyan Direba, bakinsa na ihun "Kar ka yi!" A bayansa kujera ta juya, Kofur ya zube ƙasa ta gefe ya manne da bango, hannunsa na lalube a ƙugu inda bindiga take zama a da. Jini na tsattsafowa a haɓarsa ta cikin kumfa, inda askar ta shafe shi lokacin da kowa ya zabura.

Direba bai ja da baya ba. Ya dubi askar da ke gaban wuyansa, ya dubi mai riƙe da ita. Hannunsa ya fito daga ƙirji sannu a hankali, riƙe da ɗan ƙyallen nan da duk shagon ya sani. Ya miƙa hannu ta gefen Mai Aski ya ajiye a kan kanta, ƙwas.

"Layi na kama," in ji shi.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Mai Aski ya shige ya ja ta ya rufe. Ya sauke hannu. Askar ta yi masa nauyi har ya ajiye ta a bakin kwanon ruwa. Wata nawa yana roƙon ya sake jin wannan ƙarar a kan kantarsa, yau ta zo, ga yadda ya tarbe ta.

"Kai ma?" in ji Direba, ba da faɗa ba. "Sau nawa ka ga na ciro askar nan a shagon nan?"

"Ba su ƙirguwa."

"To me ka zata?"

Mai Aski ya sunkuyar da kai.

"Faɗi mana. Yau dai ka buɗe bakin nan."

"Na zata shi ka zo wa."

Direba ya gyaɗa kai. "Ba zan yi maka ƙarya ba, na sha tunanin haka. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma yau aski na zo. Auta ba ya son ganina da gemu, cewa yake ina kama da tsohon buroshin wanke bas. Na ce ba zan je in tsaya masa a haka ba." Ya juya ga wanda ke ƙasa. "Kai, tashi."

Kofur ya kasa tashi. Kuka yake yi, irin na babban mutum, marar sauti, kafaɗu kawai ke girgiza. "Baba..." in ji shi.

"Kar ka kira ni haka. Mai kirana da sunan nan yana cikin ƙasa." Idon Direba ya sauka a kan hannun Kofur, wanda har yanzu ke dafe da ƙugu. "Haka ka yi ran nan?"

Kofur ya dubi hannun nasa kamar na wani ne, ya janye shi. "Haka."

Direba ya ja numfashi ya zauna a kan benci, a wurinsa na da, kusa da ƙofa. "Na kalli hoton nan har idona ya gaji. Na zauna na saurari lauyanka, na saurari na gwamnati, na saurari masu kiran rediyo da ba su san ko kalar babur ɗin ba. Kowa na cewa tsoro, tsoro, ni ina cewa ƙarya ce, wa zai ji tsoron Auta? Yaron da kyankyaso ke kora daga ɗaki? Sai yanzu na gani da idona. Tsoro ne. Na yarda."

Kofur ya ɗago kai.

"Kar ka yi saurin ɗago kai, ban gama ba. Kawunka ma ya tsorata. Ga aska a hannunsa, ga wuyana, ko taku ɗaya babu tsakaninmu. Kuma ni da gaske ƙarfe na ciro, ba takarda ba." Ya ɗaga gemunsa da hannu ya nuna maƙogwaro. "Duba nan. Ka ga jini?"

"A'a."

"Ya tsaya ya ga abin da zai fito. Iyakar abin da na so a yi wa ɗana ke nan. A tsaya a ga abin da zai fito."

Mai Aski ya miƙa hannu ya kashe rediyon, wannan karon babu wanda ya hana shi.

"Hoton ba shi da murya," in ji Direba can, idonsa a ƙasa. "Na ga bakinsa ya motsa. A kotu babu wanda ya tambaya, ni kuma ba a ba ni damar tambaya ba. Ya yi magana?"

Kofur ya goge fuska da bayan hannu, kumfa da jini da hawaye suka cakuɗe. "Ya ce, 'Ga su nan, yallaɓai.' Ban ji ba a lokacin, wallahi ban ji ba. Sai da ƙarar ta wuce maganar ta iso kunnena. Tun ranar nake jin ta."

Direba ya rufe ido. Leɓensa ya motsa, yana maimaita kalmomin shi kaɗai. Mai Aski ya ji hawaye sun cika masa ido, don ya san muryar da aka faɗe su da ita, ya san yadda yaron ke cewa "ga shi nan, Baba Mai Aski" in an aiko shi da saƙo.

"Da ladabinsa ya tafi ke nan," in ji Direba. Ya buɗe ido ya dubi Kofur kai tsaye. "Yau zan je in zauna a gaba, kuma fatana alƙali ya ɗaure ka. Ba zan ɓoye maka ba."

"Na sani."

"To." Ya juya ga Mai Aski. "Ƙarasa masa. Ba a zuwa gaban alƙali da rabin gemu."

Mai Aski ya ɗaga yaron ya mayar kan kujera. Ya danna auduga a kan yankan har jinin ya tsaya, ya sake kaɗa kumfa, ya ƙarasa ɓangaren hagu da injin aski, don bai yarda da hannunsa da aska ba. Ya goge masa fuska da tawul mai ɗumi, ya kwance ƙyallen ya kakkaɓe. Kofur ya miƙe. Ya tsaya a gaban kawunsa bai san yadda zai yi ba, sai Mai Aski ya gyara masa wuyan riga, ya riƙe ƙeyarsa da tafin hannu ɗan lokaci, yadda yake riƙe ta tun tana ƙarama.

"Je ka, uwarka na jira. Duk abin da aka yanke, ka tsaya da ƙafarka ka ji shi. Zan zo."

A gaban Direba ya faɗi haka, kuma ya san ya ji. Kofur ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙofa ya fita. Suka ji tasi ta tashi.

Saura su biyu. Mai Aski ya tsaya yana wanke kofin kumfa wanda ya riga ya wanku. Jira yake ya ji an ɗauke askar daga kan kanta, ya ji ƙofa ta yi ƙara, shi ke nan. In haka ta faru ba zai ga laifin kowa ba sai nasa. Mutumin da kuka ci kuka sha tare tun ƙuruciya, ya shigo shagonka da makokin ɗansa, ka tarbe shi da aska a wuya, me kuma ya rage?

"Ka yafe mini," in ji shi, bai juyo ba. "Na ɗaga maka aska."

"Wannan ba yau za mu gama ta ba," in ji Direba. "Akwai wadda ta fi ta. Kullum ina zaune a kotun nan ina duban ƙofa, ko zan ga wannan sanƙon naka ya shigo."

"In na zo, a wane gefe zan zauna?"

"Ka tsaya a tsakiya mana. Ba ka da ƙafa? Kai da ka ƙare rayuwarka a tsaye a kan kawunan mutane?"

Mai Aski ya ji benci ya yi ƙara, ya ji taku. Ya juyo. Direba bai nufi ƙofa ba. Ya hau kujerar, wadda ko hucewa ba ta yi ba daga zaman wancan, ya gyara zama, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa.

"Layi ya zo kaina ko da saura?"

"Ya zo."

Ya ɗauko sabon ƙyalle ya yafa masa. Ya rage gemun da almakashi, farin gashi na zuba a kan ƙyallen har ya taru a cinya, fuskar da ya sani ta fara fitowa, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta. Ya shafa kumfa. Sannan ya ɗauki ɗan ƙyallen daga kan kanta ya warware, ya buɗe askar mai baƙin ƙota, ya wasa ta a jikin fata. Daga can ƙasan titi ana jiyo muryar Tela da ta Lauyan Benci suna tahowa, tun ba su iso ba har sun fara.

Direba ya kwantar da kai a jikin kujera, ya ɗaga haɓa sama, ya miƙa maƙogwaronsa gaba ɗaya, ya rufe ido. Mai Aski ya kawo askar kusa, ya tsaya. Bakin askar na kaɗawa a iska.

"Me kake jira?" in ji Direba, bai buɗe ido ba.

"Hannuna rawa yake yi."

"To tsaya har ya daina," in ji Direba. "Ni ba inda zan gudu."